In Bashe Ta Fara Harbi Da Tari: Abin Da Za A Duba Kafin A Kashe Kuɗi

 Yau ina so mu tattauna a kan wata cuta ta ƙananan motocinmu na ɗaukar kaya, wato bashe, wadda ƴan uwanmu na Najeriya ke kira a-kori-kura. Cutar ita ce harbi, inda mota za ta riƙa buga ƙara tau! tau! ta salansa kamar an saki bindiga, ko kuwa ta riƙa tari da atishawa ta karburato.

Kowanenmu in ya ga sa a kara, kafin ya taya sai ya dubi hancinsa, ya dubi kashinsa, ya ga ko yana tuƙa. Da haka muke raba mai lafiya da mai ciwon huhu. Amma da mota ta yi gyaɗa sai mu miƙa wa bakanike makulli mu koma gindin itace, abin da ya faɗa shi ke nan. Ni ba bakanike ba ne, dabba na gada kuma ita na sani. Sai dai asara ta sa na zauna gaban masu sana'ar na yi tambaya, kuma abin da na tsinta shi nake son in raba da ku.

Kada wani ya ce ai ƙara ce kawai. Dabbar da ke bayan mota in ta ji harbi firgita take, su hau kan juna, ƙafa ta karye ko ƙaho ya huda ciki. Na biyu, harshen wuta ne ke fita, mu kuwa harawa, ƙaiƙayi, igiya da bido na mai ba su rabuwa da motarmu. Na uku, kun san halin da wasu hanyoyinmu na iyaka ke ciki. Motar da ta saki ƙara irin ta bindiga da dare kusa da shingen soja ko jandarma, ta sa ran direba da yaran mota cikin haɗari. Allah ya kiyaye.

ABIN DA YA SAME NI

Ana gab da sallar layya ta 2016 munka ɗauko raguna daga Dakoro a cikin tsohuwar Peugeot 504 tawa, da niyyar mu kwana Maradi mu bi ta Ɗan Isa mu shiga Jibiya. Tun kafin Sabon Mashi direba ya ce mini, "Alhaji, motar ga ba ta son tsayuwa. Da na ɗaga ƙafa sai ta nemi mutuwa, in na taka kuma sai ta yi tari kafin ta ɗauka." Na ce mu lallaɓa.

Munka tsaya wurin wani bakanike a bakin hanya. Bai tambaye mu komi ba, ya sassauta delko ya murɗa shi da kunne har ƙarar inji ta yi masa daɗi, ya ce an gama. Ba mu yi nisa ba sai ga harbi ta salansa, wanda da farko babu shi, inji kuma ya fara zafi. A wani gangare ta saki wata ƙara da ta sa ragunan sunka taru wuri guda. Da munka tsaya, babban rago mafi tsada a cikinsu ya karye a ƙafar gaba. Rago mai karaya ba ya layya, sai wuƙa, munka sayar wa mahauci yadda ya ga dama. A gari na gaba wani ya canza buji huɗu, wani ya ce sai an sake karburato ɗungum. Kasuwa ta ci ba mu.

Sai a Maradi wani dattijon bakanike ya sa aka tada inji, ya ɗauki guntun tiyo ya kafa a kunne yana bin jikin inji da ɗaya bakin. Bai yi minti biyar ba ya nuna mini tiyon da ke tafiya daga inji zuwa tulun birki, ya tsage ta ƙasa yana shan iska. Ya ce, "Alhaji, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga." Ya sa sabon tiyo, ya mai da delko kan alamarsa, mota ta koma lafiya lau. Kuɗin tiyon bai kai na igiyar ɗaure ragon da na rasa ba.

MENE NE HARBI

Injin isans, wato fetur, abu uku yake so su haɗu: mai da iska gwargwado, matsi, da wuta a kan lokaci. Gwargwadon kuwa, a nauyi, kashi 1 na mai ne ga kashi 14.7 na iska. Fistin zai sauka ya shaƙo haɗin, ya hau ya matse shi, buji ya ba da tartsatsi ya ƙone ya tura fistin ƙasa, sannan ya sake hawa ya kori hayaƙi. Kowace silinda tana da ƙofa biyu da ake kira supap, ko bawul, ɗaya ta shiga ɗaya ta fita. Ƙa'ida ita ce wuta ta tashi lokacin da ƙofofin biyu ke rufe.

To harbi shi ne man ya ƙone a inda ba wurinsa ba. In wutar ta koma baya ta ƙofar shiga, sai ka ji tari a karburato, wanda a Najeriya ake ce wa kafireto. In kuwa ɗanyen mai ne ya wuce bai ƙone ba ya tarar da zafi a bututun hayaƙi, sai ya fashe can, ka ji ƙara ta salansa.

A FARA DA KUNNE

Kafin a taɓa sifana, a tambayi direba abu huɗu.

Ta ina ƙarar ke fita, gaba ko baya? Tari ta gaba yawanci ƙarancin mai ne, ko wuta ta faɗa silindar da ƙofarta ke buɗe. Harbi ta baya yawanci wuta ce ke yankewa, ko ta makara, ko mai ya yi yawa, ko salansa na shan iska.

Yaushe take yi? In sai an taka totur da kaya a rairayi ko a hawa, a zargi hanyar mai. In sai an ɗaga ƙafa a gangare, a zargi iska da ke shiga ta ɓarauniyar hanya. In da sanyin safiya ne ko bayan an ratsa ruwa, a zargi murfin delko da wayoyi.

Ƙarar a jere take ko jefi-jefi? Wadda ke bugawa daidai daidai kamar dakan sakwara, tana ƙara sauri in inji ya ƙara, silinda guda ce ke da ciwo. Wadda ke zuwa ba tsari, abin ya shafi injin duka.

Me anka yi wa motar kwanan nan? In jiya anka canza buji, ko anka wanke inji, ko anka sha mai a sabon wuri, to daga nan za a fara. Sau da yawa cutar hannun mutum ce.

ƁANGAREN WUTA

A fara da shi domin shi ya fi araha. A kwance buji, wato filogi, a jera su yadda sunka fito don kada a ruɗe. Bakin buji shi ne kashin dabba, shi ke faɗin abin da ke ciki. Mai launin ƙasa-ƙasa lafiya yake. Fari fat, mai bai isa ba. Baƙi mai busasshen kunkunniya, mai ya yi yawa ko wuta ba ta da ƙarfi. Baƙi mai maiƙo, baƙin mai ne ke hawowa. In uku sun yi kama ɗaya ya bambanta, an gano silindar da za a bi. Tazarar bakin buji a tsofaffin motoci tsakanin milimita 0.6 da 0.8 take, kuma da ma'auni ake gwada ta, ba da ido ba.

Sai wayoyin buji. Inji mai silinda huɗu, irin na 404 da 504 da Hilux, jerin wutarsa 1-3-4-2 ne. Mai silinda shida a jere, irin na Land Cruiser, 1-5-3-6-2-4. In yaro ya saɓa waya biyu, wuta za ta faɗa silindar da ke shaƙar mai, nan take a ji tari da harbi. A lura, Peugeot daga wajen kuloci take fara ƙirga silinda ta ɗaya, Toyota kuwa daga wajen lagireto. Hanya mafi sauƙi ita ce a riƙa canza waya ɗaya bayan ɗaya, kada a cire su gaba ɗaya. Wayar da ta tsufa kuma da dare ake kama ta: a buɗe bonet a wuri mai duhu inji na aiki, za a ga shuɗin tartsatsi na tsalle daga jikinta.

Sai murfin delko. A buɗe shi a duba ciki da fitila. Tsaga, ko wani siririn baƙin layi kamar an ja da fensir, hanya ce da wuta ta yi wa kanta tana tsallakawa gidan da ba nata ba. Wannan ba ya gyaruwa, sai sabo. In laima ce kawai, a goge da busasshen ƙyalle. A duba rota, a duba bis, wato kontak, in motar mai shi ce. Tazararsa wajen milimita 0.4 ce. In fuskarsa ta ƙone ta yi rami, a canza shi tare da kwandansa, domin mataccen kwandansa shi ke cinye bis. Bobin da ta gaji kuma tana da alama: mota lafiya da sanyi, in ta yi zafi wuta ta riƙa yankewa. Haka ma sako-sakon waya a makulli ko a bobin, wuta ta ɗauke ta dawo a kan gargada, man da ya taru a salansa ya tashi gaba ɗaya.

Na ƙarshe shi ne lokacin wuta, wanda ake saitawa da murɗa delko. Akwai alama a jikin inji, akwai kuma fitila ta musamman da ake haska ta. In wuta ta makara, mota za ta rasa ƙarfi, ta yi zafi, ta yi harbi ta baya. In ta yi gaggawa, za a ji ƙarar ƙarfe kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, kuma wajen tashi inji ya riƙa turjewa. Shawarata, duk wanda zai taɓa delko ya fara jan layi da ƙusa a gindinsa, don a san inda za a komo. Da an yi mini haka da ragona bai karye ba.

ƁANGAREN MAI DA ISKA

Yawancinmu ba kullum muke samun gidan mai a daji ba, sai ƴan ruwa-ruwa, waɗanda can ƙetare ake ce wa ƴan bumburutu. Ko man matatar Soraz ne ta Damagaram, wadda ta fara aiki a 2011, ko wanda ya ƙetaro iyaka, in ya kwana a bido mai datti ya bi ta mazurari mai ƙura, abin da zai shiga tanki ba mai kaɗai ba ne. Gwajinsa ba wuya. A cire tiyon da ke shiga karburato, a tara kaɗan a farar kwalba, a aje ta minti biyu. Ruwa ya fi isans nauyi, zai kwanta a ƙasa a gan shi ƙarara. In an gauraya da kananzir ko gazuwal, a ɗiga a farar takarda: isans tsantsa bushewa yake ya tafi, gauraye kuwa sai ya bar tabon maiƙo.

Daga nan a bi hanyar man. Filtar mai in ta toshe, mota za ta yi aiki lafiya a tsaye, amma da an ɗora mata shanu ta shiga rairayi sai ta fara tari, domin man da ke isowa bai kai abin da take nema ba. Famfon mai da ya gaji ma haka yake yi. A cikin karburato akwai ƴan ƙananan ƙofofi da mai ke bi. Da iska ake busa su, kada a yarda yaro ya zura musu waya, don yana faɗaɗa su ne, a rabu da tari a koma shan mai. Akwai kuma ɗan famfo da ke fesa mai lokacin da anka taka totur. A kashe inji, a cire murfin, a leƙa ciki, wani ya taka. In ba a ga mai ya fesa ba, shi ke sa atishawa wajen tashi daga tsaye.

Sai ɓarauniyar iska, irin wadda ta same ni. Duk iskar da ta shiga inji ba ta karburato ba, tana tsinka haɗin ne kamar an ƙara wa fura ruwa. A bi tiyoyin roba ɗaya ɗaya ana lanƙwasa su, zafin ƙasarmu yana busar da su su tsage. A duba gindin karburato da inda bututun shiga ya manne da kan inji. In an matse tiyo da filaya inji ya daidaita, ko an zuba ruwan sabulu a mahaɗa ƙarar inji ta canza, to an kama ɓarawo. Wasu na fesa isans don wannan gwaji. Kada ku bari a yi haka a motarku, tartsatsi guda ya isa.

Yawan mai kuma alamarsa baƙin hayaƙi, warin ɗanyen isans da baƙin buji. A duba cok ko ya maƙale a rufe, a duba ƙwallon da ke tsai da mai a karburato ko ya huje ya nutse. Lokacin hunturu kuwa filtar iska ita ce ta farko, ƙurar buji da hazo na toshe ta cikin ƴan kwanaki a hanyar daji. A kakkaɓe ta, in ta mutu a saya. Abin da wasu direbobi ke yi na cire ta su jefar don mota ta sha iska, ganganci ne babba. Ƙura za ta cinye inji, kuma filtar nan da gidanta su ke tare harshen wuta in karburato ya yi tari.

SUPAP, SARƘA DA SALANSA

In wuta da mai duk sun fita lafiya, sai a shiga ciki. Supap in an ɗaure shi ya yi tsauri ba ya rufewa sosai, in an daɗe a haka sai bakinsa ya ƙone. Na shiga in yana yoyo, tari ta gaba. Na fita, harbi ta baya. Kowane inji da ma'auninsa. Misali injin Toyota 22R, milimita 0.20 ne na shiga, 0.30 na fita, ana gwadawa inji da zafi. Gwajin bakin hanya shi ne a riƙe takarda a bakin salansa inji na aiki a hankali. In tana turuwa waje kawai, madalla. In lokaci lokaci ana tsotso ta, a zargi supap na fita. Amma kafin a yarda a buɗe kan inji, a nemi a sa agogon gwada matsi a kowace silinda. In guda ta faɗi ƙasa da sauran da fiye da kilo 1, hujja ta samu. Bakaniken da ya ce a buɗe inji bai gwada ba, kamar mai cewa a yanka saniya ne a ga abin da ke damunta.

Sarƙar da ke haɗa juyin inji da buɗewar supap in ta saki tana ƙara a gaban inji, musamman wajen tashi da safe. In ta tsallake haƙori, lokacin komi ya ɓaci, mota ta rasa ƙarfi farat ɗaya. Wannan ba na lallaɓawa ba ne, a tsaya.

Salansa kuma, hanyoyinmu na karya mata ƙafa. In ta tsage kusa da inji, tana tsotsar iska lokacin da anka ɗaga ƙafa, sai a ji ɓaɓɓaka a gangare. A nemi baƙin tabon hayaƙi a mahaɗa, walda ko sabon gasket ya wadatar. Kuma a hana direba kashe makulli a gangare mota na cikin giya wai don tsimin mai. Inji na ci gaba da shaƙar mai yana turawa salansa, da ya mai da makulli sai ta fashe.

SABABBIN MOTOCI DA MASU GAZUWAL

Hilux na yanzu masu isans ba su da karburato, na'ura ce ke auna mai, da yawansu ma ba su da delko, kowane buji da bobin tasa. Dalilan harbi ba su canza ba, wuta ce, mai ne, iska ce. Bambancin shi ne akwai fitilar inji a gaban direba, akwai kuma ƴar kwamfuta da ake jonawa ta faɗi silindar da ke yanke wuta. A kai ta wurin mai wannan na'ura, kuma kada a riƙa cire waya inji na aiki kamar yadda ake yi wa 404. Mai gazuwal kuwa ba ta da buji mai tartsatsi, matsi ne ke kunna manta, don haka ba ta irin wannan harbi. In tana bugawa da farin hayaƙi, famfonta da allurorinta za a duba, ko iska ta shiga hanyar mai.

IN ABIN YA FARU DA DABBOBI A BAYA

A rage gudu, a riƙe totur daidai ba takawa da saki ba, a nemi inuwa a tsaya nesa da busasshiyar ciyawa. A fara duba dabbobi, a tada wadda ta faɗi, sannan a koma kan inji. In gyaran zai ɗau lokaci a sauke su, rana ta fi tafiya kashe dabbar da ke cunkushe. In akwai shinge a gaba, gara a tsaya daga nesa a kunna fitilar ciki, a aika yaro ya yi bayani, da a iso musu ana harbi.

In wuta ta kama a bakin karburato wajen tada mota, a ci gaba da murɗa makulli, sau da yawa inji na shanye ta. In ta ƙi, a kashe makulli a danne da jiƙaƙƙen buhun algarara ko a yi amfani da tukunyar kashe gobara. Rairayi sai in babu yadda za a yi, don in ya shiga inji wani aikin ne. Ruwa kuwa ba ya kashe wutar isans, yaɗa ta yake. Bidon mai kada ya zauna tare da harawa, kada kuma ya zauna ta gefen salansa.

Kayan da ya kamata su zauna a akwatin kowace bashe ba su da yawa: buji huɗu, murfin delko da rota, bis da kwandansa, filtar mai biyu, tiyon roba kamu biyu, farar kwalba, ƙyallen tace mai, da tukunyar kashe gobara. Dukansu ba su kai kuɗin tunkiya ba. Kuma mako biyu kafin kasuwar layya a kai mota a duba ta a natse, ba ranar lodi ba.

Ƴan uwa, in an je garaji a tsaya a kan mota, a yi tambaya, a ce a fara da mai araha kafin mai tsada, a canza abu ɗaya a gwada kafin a taɓa na biyu, kuma a karɓi tsohon da anka cire. Bakanike na ƙwarai ba ya jin haushin tambaya. Masu karatu a cikinmu su karanta wa direbobi da yaran mota, domin su ke tare da ita dare da rana, kuma in kunne ya ji jiki ya tsira.

Allah ya tsare mu da dukiyarmu a kan hanya, ya ba mu kasuwa mai albarka. Wassalam.